Maganar da Ta Faɗi Ƙasa

Ɗan'uwana cikin Almasihu, akwai wani lissafi da ikilisiyoyinmu ba sa yi. Muna ƙirga baiko har kwabon ƙarshe, ma'aji ya karanta rahoto, dattawa su sa hannu. Muna ƙirga waɗanda aka yi wa baftisma, muna ƙirga yaran makarantar Lahadi. Amma maganganun da ake furtawa da sunan Ubangiji a daren 31 ga Disamba, cewa wane zai ci zaɓe, wance za ta rungumi ɗa kafin shekara ta zagayo, bashin wane zai kau cikin wata uku, waɗannan ba mai ƙirga su. Shekara takan ƙare, majami'a ta sake cika, a sake zubo waɗansu sababbi. In ka ce ina na bara, sai a dube ka kamar ka yi saɓo.

Da wannan shiru nake faɗa. Na gaskata Allah yana magana, shi ya sa ba zan iya zuba ido a riƙa jingina masa abin da bai faɗa ba. Littafin 1 Sama'ila sura 3 ya shaidi Sama'ila da cewa Ubangiji bai bar maganarsa ko ɗaya ta tashi a banza ba. Mu kuwa a zamaninmu maganganu suna zuba ƙasa kamar ɗanyen mangwaro a iskar bazara, muna tattake su muna shiga sujada.

Kai ma shaida ne. Kafin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, masu annabci a Nijeriya sun ambaci 'yan takara dabam dabam, kowa yana cewa an nuna masa. Kujerar kuwa ɗaya ce. Ko yaron firamare ya san ba zai yiwu dukansu su yi gaskiya ba. A 2016 wani sanannen mai annabci a Legas ya ce mace ce za ta ci zaɓen Amurka. Da Donald Trump ya ci, sai aka bayyana cewa ai yawan ƙuri'un jama'a ake nufi. Majami'u nawa ka ga sun ragu saboda irin wannan? Mutum nawa ka ga ya sauka daga bagade?

Mun saba cewa jahilci ne, ko talauci. Wannan amsa tana da daɗi domin tana fitar da mu daga cikin zargi, amma ba ta tsaya ba. A sahun gaba na irin waɗannan taruka za ka tarar da malaman jami'a da likitoci da manyan ma'aikatan gwamnati. Abin da yake riƙe mutum a kan maganar da ta riga ta ƙaryata kanta yana aiki a zuciyar mai digiri kamar yadda yake aiki a zuciyar wanda bai taɓa riƙe alli ba. Masana halayyar ɗan Adam sun bi diddiginsa, kuma ya kamata ka san abin da suka gano.

A shekarar 1954, a wata unguwa da ke gefen birnin Chicago na Amurka, wata matar aure mai suna Dorothy Martin ta ce tana karɓar saƙonni daga waɗansu halittu na wata duniya, hannunta yana rubutawa da kansa. Saƙon ya ce ambaliya za ta haɗiye ƙasar da asubahin 21 ga Disamba, amma jirgi zai sauko daga sararin samaniya ya kwashe masu bi kafin lokacin. Mutane kaɗan suka taru a kanta. Waɗansu suka bar aiki, waɗansu suka bar karatu, waɗansu suka rabar da kuɗinsu. Babban mataimakinta likita ne, Charles Laughead, wanda ya rasa aikinsa a wata kwaleji a jihar Michigan saboda wannan al'amari. Wani masani mai suna Leon Festinger da abokan aikinsa biyu, Henry Riecken da Stanley Schachter, suka ga labarin a jarida, suka shiga ƙungiyar su da mataimakansu a matsayin masu bi, don su ga abin da zai faru in ranar ta zo ta wuce.

A daren 20 ga wata aka zauna a falo ana jiran baƙon da zai ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfe 12 na dare. An umarce su su raba jikinsu da kowane ƙarfe, har zif ɗin wando sai da aka yanke. Sha biyu ta buga, ba kowa. Wani ya ce ai ɗayan agogon bai kai ba tukuna, aka koma kallon wancan. Shi ma ya kai, ya wuce. Aka yi tsit na sa'o'i, matar ta fashe da kuka. Wajen ƙarfe 4:45 na asuba sai ga sabon saƙo: wai saboda hasken da wannan ƙaramin taro ya haskaka da zaman da ya yi dukan dare, Allah ya fasa hallaka duniya. Nan take baƙin ciki ya koma murna. Mutanen da a dā suke gudun 'yan jarida suka ɗauki waya suna kiran gidajen jaridu da kansu.

Ka sake karanta saƙon nan na asuba, ka gaya mini ko ba ka taɓa jinsa da Hausa ba. An yi annabcin bala'i, bala'in bai zo ba, sai a ce addu'armu ce ta tare shi.

Festinger da abokansa sun buga labarin a littafi a 1956, a 1957 kuma ya fitar da bayaninsa a kan abin da zan kira saɓanin zuci. Ma'anarsa ita ce, sa'ad da abu biyu da mutum ya sani suka yi karo, misali “na ba da dukan abin da nake da shi saboda wannan magana” da “maganar ƙarya ce”, zuciya takan shiga ƙunci irin na yunwa ko ƙishirwa, sai ta nemi mafita. Dole ɗaya daga cikin biyun ya rusuna. Abin da aka riga aka bayar ba ya dawowa, saboda haka gaskiyar ce ake lanƙwasawa. Ban yaba wa hanyar da masanan suka bi ba, gama da yaudara suka shiga gidan mutane, kuma waɗanda suka zo bayansu sun soki binciken da cewa kasancewarsu a ɗakin ta shafi abin da ya faru. Ƙungiyar ma ba ta daɗe ba ta watse. Duk da haka, abin da suka sa wa suna an gan shi a wurare da yawa da ba ɗan leƙen asiri ko ɗaya.

Na san abin da wani zai ce: me ya haɗa mai bi da ilimin waɗanda ba su san Ubangiji ba? In zazzaɓi ya kama ɗanka, ba ka tambayar addinin wanda ya ƙera ma'aunin zafin jiki. Ban da haka, annabi Ishaya ya riga Festinger da fiye da shekara dubu biyu. A sura 44 ya zana mutumin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ya sassaƙa sauran rabin ya durƙusa masa. Abin da ya ba annabin mamaki shi ne mutumin ya san komai. Shi ya sare itacen, shi ya ci naman. Duk da haka ba ya iya tsayawa ya tambayi kansa ko abin da ke hannunsa ƙarya ne. Ya sha wahalar sassaƙa, ya zuba gumi, maƙwabta sun ga yana sujada. Irmiya 17 ya ce zuciya ta fi kowane abu ruɗi, kuma wanda take fara ruɗa shi ne mai ita.

Ka ɗauki gwauruwar da aka ce mata ta shuka iri na bangaskiya, ɗanta zai sami aiki kafin Ista. Ta sayar da akuyarta biyu, ta kai kuɗin. Ta tsaya gaban zumuntar mata ta ba da shaida tun abin bai faru ba, gama an koya mata cewa haka bangaskiya take. Ƙanenta ya gargaɗe ta, ta ce masa Shaiɗan ne yake magana ta bakinsa. Ista ta zo ta wuce. Yanzu ƙofa biyu ce a gabanta. In ta shiga ta fari, sai ta yarda an cuce ta, akuyoyin sun tafi a banza, ƙanenta ya fi ta gaskiya, matan da suka tafa mata sun ga wautarta. In ta shiga ta biyu, abin da za ta ce kawai shi ne lokacin Allah bai yi ba. Wace ƙofa kai za ka zaɓa? Ba na yi mata dariya, kada kai ma ka yi. Amma ka lura da abin da ya biyo baya: za ta sayar da tunkiya ta ƙara. Kowane sabon iri da ta shuka yana ƙara tsadar komawa baya.

A 1959 masana biyu, Elliot Aronson da Judson Mills, sun gwada wannan da ɗalibai mata. Waɗansu sai da aka sa su cikin gwaji mai ban kunya kafin a karɓe su a wata ƙungiyar tattaunawa, waɗansu kuwa aka karɓe su da sauƙi. Aka sa dukansu suka saurari hira guda, wadda da gangan aka shirya ta ta zama marar armashi. Waɗanda suka sha wuyar shiga su ne suka fi yabon hirar. Wanda ya hau dutse ya yi azumin kwana bakwai domin ya karɓi kalma daga bakin wani, da wuya ya sauko ya ce kalmar ba ta da kai. Masu wannan sana'a sun san haka ko ba su taɓa buɗe littafi ba, shi ya sa ba sa sauƙaƙa farashi.

Hanyoyin kaucewa kuwa ba su da yawa, kullum su ake juyawa. Harold Camping, mai gidan rediyon Family Radio a California, ya fara sa ranar ƙarshen duniya a Satumba 1994. Ya sake sa 21 ga Mayu 2011, aka kafa alluna a ƙasashe da yawa, waɗansu suka kashe ajiyarsu ta tsufa wajen yaɗa saƙon. Da ranar ta wuce ya ce shari'ar ta auku a ruhaniya, ta zahiri sai 21 ga Oktoba. An ɗaga rana, an mai da abin na ruhu. Wadda ta fi duka mugunta ita ce wadda ake jefa wa talaka: bangaskiyarka ce ta kasa, ko akwai zunubi a gidanku. Mai annabci ya faɗi abin da bai cika ba, amma wanda aka yi wa annabcin ne yake komawa gida da laifi. Camping dai a Maris 2012 ya fito ya ce abin da ya yi zunubi ne, ya nemi gafara. William Miller ma, wanda dubban mutane suka jira komowar Almasihu a 22 ga Oktoba 1844 bisa koyarwarsa a kan Daniyel 8, ya amsa kuskurensa a rubuce. A cikin namu, wa ka ji ya yi haka?

Za a kawo mini Yunana. Ai ya ce kwana arba'in Nineba za ta kife, ba ta kuwa kife ba. Gaskiya ne, kuma Irmiya 18 ya shimfiɗa ƙa'idar: in Allah ya yi wa al'umma kashedi ta tuba, yakan janye masifar. Amma ka duba abin da aka gani a Nineba. Sarki ya sauka daga gadonsa, aka yi shelar azumi, birni duka ya juya daga zalunci a idon kowa. Sa'ad da aka ƙara wa Hezekiya shekara 15, Ishaya da kansa ya juyo tun bai fita daga fada ba ya sanar da canjin, ya ba da lokaci da alama da za a iya dubawa. Ba bayan Hezekiya ya warke ne aka zo ana neman bayani ba. Sa'an nan ƙa'idar Nineba ta shafi kashedin hukunci da kiran tuba. Wane tuba ne ya hana ɗan gwauruwa samun aiki? Wace addu'a ce ta sauya wanda ya ci zaɓe bayan an ce Ubangiji ya riga ya naɗa wani? Irmiya 28 ya ce annabin da ya yi albishir na salama, cikar maganarsa ce kaɗai shaidarsa. Maimaitawar Shari'a 18 kuma ba ta bar wata kafa ba: in abin bai faru ba, Ubangiji bai faɗa ba, mutumin ya yi izgili ne, kada a ji tsoronsa. Ka lura da wannan na ƙarshe, gama tsoro ne makamin. “Kada ka taɓa shafaffe” ita ce garkuwar da ake ɗagawa duk lokacin da aka nemi lissafi, alhali Dokar da kanta ta ba ɗan ikilisiya izinin aunawa.

Wannan sura ta 28 ta cancanci ka zauna da ita. Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu za a komo da kayan Haikali daga Babila, da sarki, da kamammu. Ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya. Wa'azi ne mai motsa jini, da a yau ne da an yi ta yaɗa hotonsa a waya. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa haka, gama shi ma yana ƙaunar ƙasarsa. Amma saƙon da aka ba shi shekara saba'in ne: ku gina gidaje a Babila, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku. In an ba ka zaɓi tsakanin shekara biyu da saba'in, majami'ar wa za ka je ran Lahadi?

A nan ne zargin yake dawowa kanmu, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ahab yana da annabawa wajen ɗari huɗu da suke faɗa masa abin da yake so, da Mikaiya guda ɗaya wanda ya ƙi jininsa domin ba ya yi masa annabcin alheri. Ba Ahab ne yake ciyar da ɗari huɗun ba? Irmiya 5 ya ce annabawa suna ƙarya, jama'a kuwa haka suke so. A Janairu 2021 wani mai wa'azi a Amurka, Jeremiah Johnson, wanda ya yi annabci cewa Trump zai sake cin zaɓen 2020, ya fito fili ya nemi gafara. Ya ba da labari cewa abin da ya biyo baya zagi ne da barazanar kisa da janyewar masu tallafa masa, daga Kiristoci. Sun iya jure annabcin ƙarya, tubansa ne ba su iya jurewa ba, domin in ya yi kuskure, su ma da suka yaɗa maganar sun yi. Muddin muna hukunta mai tuba muna ɗaukaka mai taurin kai, mu ne muke kiwon abin da muke kuka da shi.

Kada ka ce abin bai wuce akuya biyu ba. A Kanungu ta ƙasar Uganda wata ƙungiya ta ce duniya za ta ƙare a ƙarshen 1999. Mabiya suka sayar da gonaki da dabbobi suka miƙa kuɗin. Shekarar 2000 ta shigo lafiya, aka ɗaga rana. A 17 ga Maris 2000 aka rufe ɗaruruwan mutane a ɗakin sujada aka cinna wuta, daga baya aka tono gawawwaki a gidajen ƙungiyar. Waɗanda suka mutu sun haura 700, da yara masu yawa a ciki. A Disamba 2021 rundunar 'yan sandan Ghana ta fitar da gargaɗi ga masu annabcin mutuwa da bala'i a daren shiga sabuwar shekara. Abin kunya ne a ce ɗan sanda ne yake yin aikin da Bulus ya ɗora wa ikilisiya a 1 Korintiyawa 14, inda ya ce in annabawa sun yi magana sauran su auna.

Akwai tambaya mai nauyi da mai tunani zai yi, ba kuwa zan kauce mata ba. In haka zuciya take, me ya hana a ce tashin Yesu daga matattu ma saƙon asuba ne, wanda almajirai suka ƙago don su rufe kunyar gicciye? Masu shakka sun daɗe suna faɗar haka. Ka auna abu biyun. Saƙon Dorothy Martin ya jingina ga abin da bai faru ba, ba wanda zai iya bincika ambaliyar da aka fasa. Manzanni sun yi shelar abin da suka ce ya faru, a birnin da aka yi kisan, ga kabarin nan kusa. Linjila ba ta ɓoye cewa sun watse ba, na hanyar Imuwasu sun riga sun binne begensu, Toma ya ƙi yarda sai ya taɓa. Shawulu na Tarsus kuwa dukan jarinsa yana ɗaya gefen: sunansa, iliminsa, hannunsa a mutuwar Istifanas. Bisa ga bayanin Festinger kansa, shi ne mutumin da ya fi kowa dalilin ya ƙara taurare. Shi ne kuma ya rubuta a 1 Korintiyawa 15 cewa shaidu fiye da ɗari biyar sun gani, yawancinsu suna da rai a lokacin, ya kuma faɗa a fili cewa in Almasihu bai tashi ba bangaskiyar duka wofi ce, su manzanni kuma shaidun zur ne. Ya nuna wa maƙiyansa inda za su sara in suna so su kā da itacen. Ka nemi mai annabcin zamaninmu guda ɗaya da zai gaya maka tun da wuri abin da, in ya faru, zai tabbatar ba Allah ne ya aiko shi ba.

Wani abu kuma daga binciken 1954 ya shafi aikin kiwo kai tsaye. Mabiyan da suka kwana tare a falon su ne suka fi riƙe imaninsu. Ɗaliban da suka tafi hutu gidajen iyayensu suka jira ranar su kaɗai, yawancinsu sun saki. Mutum ba ya riƙe ƙarya shi kaɗai, taro ne yake riƙe masa. Saboda haka gwauruwar nan ba za ta fito domin ka ci ta da gardama ba. In fitowa tana nufin ta rasa waɗanda suke gaishe ta, suke zuwa mata ta'aziyya, suke kiranta Mama, ta kuma dawo wurin masu cewa “ai mun faɗa miki”, za ta zauna inda take. Ikilisiyar da take so ta karɓi irin waɗannan sai ta rage musu tsadar dawowa: a ziyarce su tun ba su fito ba, kada a sa su tsaya gaban jama'a su ba da labarin wautarsu, a taimaka a mayar da akuyar in da hali.

Ga dattawan ikilisiya kuwa, abin da nake roƙo bai fi kuɗin littafin rubutu guda ba. Duk wanda ya tsaya a bagadenku ya ce Ubangiji ya faɗa, ko baƙo ne ko faston gida, sakatare ya rubuta maganar yadda ta fito, da kwanan wata, da lokacin da aka ce za ta cika, a karanta masa ya sa hannu. In maganar tana da sharaɗi, ya faɗi sharaɗin a ranar, a rubuta. A Lahadin ƙarshe ta Disamba, bayan rahoton ma'aji, a buɗe littafin a karanta wa jama'a ɗaya bayan ɗaya, kafin a miƙa wa kowa makirufo don shekara mai zuwa.